Akori-Kurar Yaya Umaru

Ran nan wasunku samari suka tare ni a bakin masallaci da waya a hannu, wai in zo in ga bidiyon wani Bature ya jawo mota daga cikin ciyawa, duk ta ruɓe, kafin mutum ya shanye kofin shayi ya mayar da ita sabuwa fil. Kuna dariya kuna cewa, "Baba Garba, ashe aikin naku guga na da hwesa hwenti." Ban ce muku komai ba a ranar, don raina ya ɓaci, kuma in raina ya ɓaci bakina ba ya yin daɗi. Yau ku zauna ku ji. Ni ma na taɓa tayar da irin wannan mota a tsakar gidana a nan Anka, wata bakwai ina kanta, kuma dalilina guda ne: ina so in hana ɗana Bello shiga ramin zinari.

Amma bari in fara daga inda na koyi aikin, don ku san ba cika baki nake yi ba. A Gummi na koya, wurin maigidana Mamman Bita, mai gyaran bodin mota, Allah ya jiƙansa da rahama. Shekara biyu cur ban riƙe guduma ba. Aikina shi ne in kutsa ƙarƙashin mota in tokare wani dunƙulen ƙarfe daga ciki, shi kuma yana bugun lotsawar daga waje. In na goce da yatsa ɗaya, gudumarsa ta huda bodi, ni kuma kunnena ya sha murɗa. Sai da hannuna ya iya bin sautin gudumarsa ba tare da na gani ba, sannan ya miƙo mini ƙaramar guduma ya ce in zagaya wata motar hatsi in ƙwanƙwasa ta tun daga hanci har wutsiya. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara siririya. Wanda tsatsa ta cinye daga ciki kuwa amsarsa a dushe take, kamar ka bugi ƙwaryar da ta tsage. Duk inda na ji a dushe in zana da alli. Da na gama ya zo ya bi sawuna, ya nuna mini wuri tara da na tsallake, ya ce in koma ƙarƙashi in ƙara wata shida.

Wani aiki da ba na mantawa shi ne motar wani Ardo daga wajen Bukkuyum. Su da 'yan ruga ne suka haɗa hannu suka saye ta, suna ɗauko gishiri da kanwa na lasar shanu. Fentinta lafiya lau, ka ce jiya ta fito. Ardo ya sauko yana girgiza kai ya ce, "Garba, motag ga ta haɗiye ƙahwar ɗan maraƙi. Muna tahiya sai munka ji shina kuka, ƙahwa tai waje tana jan ƙasa." Na hau akori, wato bayan motar inda ake zuba kaya, na taka da diddige, sai ƙafata ni ma ta wuce. Gishiri ya cinye farantin daga ƙasa, fenti kaɗai ke riƙe da shi. Tun daga ranar, duk motar da aka kawo mini sai na tambayi mai ita abin da take ɗauka. Taki, gishiri, kanwa, fatu masu jini, kowanne da irin ɓarnar da yake yi wa ƙarfe.

Na yi shekaru da rumfata a bakin hanyar da ta fita Anka. Tukunyar kabaid ɗina ta yin walda tana nan, da tulun iskarta, da guduma bakwai, da almakashin ƙarfe da na gada wurin maigida. Direbobin kasuwannin ƙauye su ne masu ba ni aiki. Sai shekarar da masu bindiga suka riƙe hanyoyi. Motar da ke zuwa kasuwa uku a mako ta koma ɗaya, wasu direbobin aka kwashe su da fasinja, wasu suka sayar da motocin suka koma babur. In zauna tun safe har la'asar ba wanda ya ce mini ko murfin taya ya lanƙwashe. Da aka fasa rumfar maƙwabcina aka yi gaba da kayan aikinsa, sai na kwashe nawa na kawo gida.

A wannan shekarar ce Bello ya zo ya durƙusa a gabana. Shi ne namiji tilo a 'ya'yana, yayyensa biyu mata sun yi aure. Yana da mata, Saratu, da 'yarsu Dije mai shekara uku, duk muna gida ɗaya. Ya iya tuƙi, amma ba motar tuƙawa.

Ya ce, "Baba, tsarana dut sun tai rami. Ni ɗai anka bari ina gadin kaji. Ka yi mani izini in tai."

Ramin nan na san abin da ya ci. Na yi wa 'ya'yan abokaina salla, wasu ƙasa ta rufta musu, wasu masu bindiga suka same su a can. Na ce masa, "Ka ba ni shekara guda. Motar Yaya Umaru tana nan Nasarawa Burkullu, ni ka tashe ta, kai ka ja ta. In kaka ta zagayo ba ta tashi ba, ka tai, ba ni hana ka."

Ya ce, "To, Baba. Na ji."

Yaya Umaru wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Direba ne, ya rasu da daɗewa, motarsa kuma ta fi shekara goma a bayan gidansa ƙarƙashin wata tsamiya. Akori-kura ce tsohon yayi, irin mai dogon hanci da fitilu zagayayyu, wadda a da take ɗaukar buhu ashirin ta hau tudu ba ta yi tari ba. 'Ya'yansa suka ce in ɗauka, da ma 'yan gwangwan sun dame su da zarya. Na je na gan ta. Tayoyi sun narke cikin ƙasa, kaji sun yi gida a kujera, burki ya kama ƙam. Sai da muka kwana biyu muna dukan gangar burki da guduma muna zuba kananzir kafin ƙafafun su yarda su juya. Da tayoyin aro muka jawo ta bayan wata tarakta, a hanyar ƙasa, muna tafiya muna waige.

Ƙofar gidana ba ta cin mota, don haka na sa aka rushe katanga gefe ɗaya, muka turo ta tsakar gida, aka sake ginawa. Innarsu Bello ta fito ta riƙe haɓa.

"Malam, wanga tarkace cikin gida za ka aje muna? Ina za mu shanya hatsi?"

Na ce, "Ki shanya bisa kanta, ai ta hi tabarma hwaɗi."

"Allah shi shirye ka," ta ce, ta koma ɗaki.

Ku da kuke cewa guga ne, ku saurara. Aiki na farko shi ne raba bodi da shasi, wato ƙashin bayan motar da komai ke zaune a kansa. Noti sha biyu ne ke riƙe da su, kuma ba ko ɗaya da ya yarda da sifana. Kowanne sai na jiƙa shi da baƙin mai da kananzir kwana uku, in gasa shi da wuta har ya yi ja, in buga, in sake jiƙawa. Huɗu suka kwance, takwas na yanke. Muka tara maza shida muka ɗaga bodin muka ɗora a kan ganguna. Na bi shasin da ƙaramar gudumata, allina ya ƙare ban gama zanawa ba. Gefen dama, daidai inda ruwan tsamiya ke ɗiga, na tura cizal, wato kurfi, ya shige kamar cikin dafaffen rogo. Na yanke ruɓaɓɓen, na yanko faci daga wani tsohon tankin ruwa mai kauri, na lanƙwasa shi a kan guntun ƙarfen layin dogo, na haɗa ciki da waje. Waldar kabaid nake yi don wutar lantarki ba ta zama. Wuri ɗaya sai ya ci mini kwana biyu, kuma in ka yi gaggawa ka zuba zafi da yawa, shasin ya murɗe, motar ta riƙa tafiya a karkace har ta mutu.

Injin ya daskare. Ba fannina ba ne, amma na san abin da ake yi: na cire filogi na ɗura man gas a ramukan, kullum da safe Bello ya sa dogon ƙarfe ya ɗan girgiza shi. Rana ta goma sha shida ya motsa. Wani abokina makanike ya zo ya buɗe shi, ya wanke kafireta, ya faɗa mana abin da za mu nemo. Kayan irin wannan mota ba a sayar da su a shago yanzu, sai a tarkacen 'yan gwangwan a Gusau ko Sakkwato, ka aika a kawo maka abu, ya zo bai yi daidai ba, ka mayar. Lagireto sau uku yana zuwa yana komawa. Gilashin gaba kuwa ba mu samu ba sam, sai na wata mota na sa aka rage, na gyara bakin bodin ya karɓe shi.

Duk wannan lokaci Dije tana gindina. Da na fito da kayan aiki za ta jawo 'yar kujerarta ta zauna, ta ɗauki murfin kwano tana bugawa da cokali, wai ita ma gyara take. In ce mata, "Amarya, yau mi kika dahwa mani?" Ta ce, "Ba ni dahwa ma tsoho mai baƙin hannu." Bakinta ya fi shekarunta, ba wanda ta bari a gidan nan.

Akorin na bari a ƙarshe, cikin bazara, don na ɗauka shi ne mai sauƙi. Da na ƙwanƙwasa sai na ji amsa biyu. Ashe da farantin asali ya fara hujewa, Yaya Umaru bai sa an cire shi ba, sai ya sa aka shimfiɗa wani a kai aka ɗinke gefe da walda. Aikin ganganci ne, amma direbobi suna yi don kada mota ta kwana a gareji. Na yanke na saman na ɗaga. Tsakanin farantan biyu akwai ƙasa a daskare, kaurin tafin hannu, launinta toka-toka, laushinta kamar gari. Na sa cizal na farfasa, na kwashe a daro. Daro huɗu ta cika, kuma kowanne da na ɗaga sai na ji ya fi ƙasar gona nauyi.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ban sani ba. Na san a shekarun ƙarshe na rayuwarsa Yaya Umaru ya yi jigilar buhunan dutsen zinari da niƙaƙƙen garinsa zuwa Dareta. Na san abin da dalmar da ke cikin dutsen nan ta yi wa yaran Dareta, ai a garin nan aka riƙa kawo su asibiti, mun gani da idonmu. Abin ya zo mini a rai ina tsugune da daro a hannu. Sai na ce wa kaina, shekara goma ruwan sama yana dukan motar nan, ko mene ne ai ya wanke. Ni da nake tambayar kowane direba abin da ya ɗauka, motar ɗan'uwana ban tsaya na yi mata tambayar ba, don ina sauri, kaka tana matsowa. Na jingine darukan a gindin katanga. Na ari janareto na sa giranda, injin gugar ƙarfe, na bi farantin ƙasa kwana uku ina cin tsatsa da sauran abin da ya manne. Ƙura ta sauka a kan randa, da tabarmi, da igiyar shanya. Da yamma mata su share, da safe in sake tayarwa.

Da ruwan farko ya sauka, ruwa ya kwanta a wani kwari da ke ƙofar ɗakin Saratu. Kun san yadda muke yi, duk ƙasar da ke kusa ita ake kwasowa a cike. Saratu ta ce, "Baba, ko in aika a ɗebo yashi?" Na ce, "Yashin mi? Ga ƙasa nan daro huɗu tana zaman banza." Da hannuna na juye su, na bi da ƙafa na daddaɓe. Ta kwanta lif, ta yi santsi, ruwa bai ƙara tsayawa ba. Har yabon kaina na yi. A nan Dije ta mayar da wurin wasanta, tana gina ɗakuna da gwangwani, tana dafa tuwon ƙasa tana ɗanɗanawa, kamar kowane yaro.

Motar ta tashi a tsakiyar damina. Na shafa mata jan fenti mai hana tsatsa, na bi da fila mai cike lotsawa a inda ya kamata kawai, na goge da samfefa har tafin hannuna ya daina jin gaɓa, na fesa mata shuɗi. Ranar da Bello ya murɗa makulli ta yi tari biyu ta kama, maƙwabta suka leƙo ta katanga, Innarsu ta rangaɗa guɗa. Bello ya kifa kansa a sitiyari yana dariya. Ban taɓa jin daɗin aiki kamar na wannan rana ba. Abin da ya rage mana wayoyin fitilu ne da takardu, sai a rushe katanga a fitar da ita.

Kafin mako ya zagayo Dije ta daina cin abinci. Sai amai, sai kuka tana riƙe ciki, yarinya mai surutu ta koma sai kwanciya. Muka ce zazzaɓin damina ne, aka sayo magani, bai yi ba. Wata safiya tana kan cinyar uwarta sai jikinta ya sanƙare, ido ya juye, ta fara jijjiga. Bello ya saɓe ta a kafaɗa, muka hau babur zuwa asibiti. Suka ɗebi jini. Da sakamako ya fito, wata ma'aikaciya ta kira mu gefe ta ce dalma ce a jinin yarinyar, ta dubi Bello.

"Kana zuwa rami?"

"Ban taɓa zuwa ba."

"Ana niƙan dutse gidanku? Ko wani na shigowa da tufafin rami?"

Ya ce, "A'a. Babana ma shi ya hana ni."

Ina tsaye a bayansa. Na matso gaba. Na ce, "Malama, akwai mota."

Washegari ma'aikatan lafiya suka zo gidan da wata na'ura ta hannu da ake ɗorawa a ƙasa ta gwada dalma. Suka gwada zaure, suka gwada gindin murhu, suna rubutawa. Da suka ɗora ta a ƙofar ɗakin Saratu, mai riƙe da ita ya ɗaga, ya goge fuskarta, ya sake ɗorawa, sannan ya ce a fitar da duk yaran da ke gidan yanzu. Ya tambaya wa ya zuba wannan ƙasa. Mutanen gida duk suna tsaye, ba wanda ya dube ni. Na ce ni ne. Ya ce, "Baba, dalma ba ta ruɓewa, ruwa ba ya wanke ta. Ko shekara ɗari ta yi, tana nan yadda take." Bai faɗa da faɗa ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Aka kankare ƙasar tsakar gidan gaba ɗaya aka zuba a buhuna aka tafi da ita, aka kawo sabuwa. Tabarmi da randa da katifar Saratu duk aka fitar. Aka sake rushe katanga, muka tura motar waje, ba a ma tayar da ita ba, muka kai ta wani fili bayan gari inda yara ba sa zuwa. Sun ce in an wanke ta yadda ya kamata an canza akori, za a iya amfani da ita.

Dije ta yi makonni a asibiti tana shan magani. Ta rayu, alhamdu lillahi. Amma maganar da take da ita ta tafi. Yanzu shekararta shida, kalmominta ba su fi a ƙirga da yatsu ba, in ta tashi tafiya sai ta dafa bango. Likitoci sun ce wani abin zai dawo a hankali, wani ba zai dawo ba. Saratu ba ta taɓa ce mini komai ba. Kullum da safe tana zuwa ta durƙusa ta gaishe ni kamar da, ni kuwa in rasa inda zan sa idona. Baƙin cikin wannan abu yana nan tare da ni, ba ranar da ba na jin sa.

Da aka yanke gero, na ɗauki makullin motar na sami Bello a zaure. Na ce masa na samo farantin da zan yi sabon akori, a can fili zan yi aikin, mako uku ya ishe ni. Na miƙa masa. Bai karɓa ba. Ya sauko daga kan benci ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Baba, ka yi haƙuri. Wallahi ba ni iya zama cikinta. Ko hanyar da take ba ni iya bi."

Na ce, "A sai da ta, a sai maka babur."

"Wa ka sayen ta, Baba? Gari dut an sani." Ya ɗago kai. "Kaka ta zagayo. Ka ce ba ka hana ni."

Na buɗe baki in ce masa rami yana kisa, in ce masa ya tuna yana da iyali. Sai na ga ba ni da bakin faɗar haka. Shekara guda yaron nan ya yi mini biyayya bai taka rami ba, ni na kwaso ramin na kawo masa har ƙofar ɗaki. Na ce, "Yaushe?" Ya ce jibi, da wasu 'yan unguwa.

Ya tashi ya shiga ciki, sai ga shi ya dawo da wata tsohuwar diga da ya samo, bakinta ya karye. Ya ajiye a gabana ya ce, "In da hali, Baba, a gyara mani wagga. Masu walda na kasuwa aikinsu ba shi jimawa."

Na dubi digar, na dube shi. Na tashi na jiƙa kabaid. Na yanko guntun sifirin mota, don babu ƙarfen da ya fi shi jure dutse, na fere bakin digar, na haɗa su a hankali ina bi ina cikawa, ban bar ko ƙofar allura ba. Na gasa bakin har ya yi ja, na ƙera shi, na tsoma a baƙin mai. Bello ya ɗauka ya fita ƙofar gida ya sara a kan dutse sau uku, ya duba bakin, ya shafa da yatsa.

"Ta yi, Baba."

Na ce, "Allah shi tsare." Shekara arba'in ina wannan aiki ban taɓa yin waldar da ta kai wannan kyau ba, kuma da ita ya shiga rami.